Sashe na Goma

Duk lokacin da na ji an ambaci Los Angeles, San Francisco ko Santa Fe, nakan tuna cewa sunayen nan Sifaniyanci ne, domin har zuwa 1846 garuruwan Meksiko ne. Yaƙi ne ya mayar da su Amurka, takarda kuma ta tabbatar.

Rigimar ta faro daga Teksas, wadda ta ɓalle daga Meksiko a 1836, Amurka ta haɗe ta a 1845. Meksiko ta ce iyaka kogin Nueces ne, Amurka ta ce Rio Grande ne, can kudu da shi. Shugaba James Polk, wanda tuni idonsa ke kan Kalifoniya, ya tura Janar Zachary Taylor da runduna tsakanin kogunan biyu. Da aka yi arangama a watan Afrilun 1846, mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki: Polk ya gaya wa majalisa an zubar da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka. Wani sabon ɗan majalisa, Abraham Lincoln, ya nemi a nuna masa ainihin wurin da jinin ya zuba, ba wanda ya kula shi.

A Satumbar 1847 babban birnin Meksiko ya faɗi. Ranar 2 ga Fabrairun 1848 aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, aka ba ta dala miliyan 15. Kwana tara kafin nan an tsinci zinariya a Kalifoniya, masu sa hannun ba su sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dubun dubatar mutanen da suka kwana a gidajen kakanninsu, suka wayi gari marasa rinjaye. An ba su shekara guda su zaɓa: ko su riƙe zama 'yan Meksiko, ko su zama Amurkawa. An yi alkawarin kare dukiyarsu. Amma da takardar ta isa Majalisar Dattawan Amurka a watan Maris, sai aka soke sashe na goma, wanda ya yi maganar filayen da gwamnatin Meksiko ta ba mutane. A 1851 aka yi dokar da ta tilasta wa masu filaye a Kalifoniya su kawo hujjar mallaka gaban kwamiti, cikin harshen da ba nasu ba. Shari'u suka yi ta ja shekara da shekaru. Da yawa sun ci shari'ar, amma suka sayar da gonar don biyan lauya. Mu da muka tashi a zango, inda gidan da kaka ya gina kan tsaya bisa alkawarin baki na wani sarkin da ya rasu, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba.

Ita ma Amurka cin nan ya tsaya mata a wuya. Gardamar ko za a kai bayi sabbin yankunan ta raba Arewa da Kudu, tana cikin abin da ya kai su yaƙin basasa a 1861.

Yarjejeniyar ta ce za a shigar da mutanen cikin tarayya a lokacin da majalisa ta ga ya dace. Kalifoniya, da masu haƙar zinariya suka cika ta, ta zama jiha a 1850. Sabuwar Meksiko, inda masu Sifaniyanci suka fi yawa, sai 1912.