Jika guda a bakin ƙofa

Filin da nake magana a kai ba shi da suna a takarda. Mu dai "filin balo" muke ce masa. Yana bayan lakwal ɗin firamare a garinmu, cikin gundumar Madawa, kewaye da itatuwan bedi 14. Na san adadinsu don na sha ƙidaya su ina haddar darasin tarihi. Da safe na awaki ne, da la'asar na ƴan balo, bayan isha'i kuma namu ne, mu masu shirin BEPC, ƙarƙashin fitilun sola guda biyu, tunda yawancin gidajenmu ba kuran.

Bara, sati guda bayan ƙaramar Sallah, wata kamiyo ta sauke kwanon rufi da sanduna. Wani kamfani ne ya ɗauko mawaƙa daga Yamai da Kano. Wasan dare biyu ne, amma shingen ya kwana biyar. Shiga jika guda, kujerun gaba jika biyar.

Wata dattijuwa da ta daɗe tana suyar ƙosai a gindin bedin kusurwa ta iso da kaskonta, mai gadi ya tare ta.

"Inna, ki yi haƙuri, wurin an saye shi."

"An saye? Ɗan nan, yaushe munka saida?"

Ya rasa ta cewa. Shi ma ɗan unguwarmu ne, aikin kwana biyar ya samu.

Kada in yi muku ƙarya, ƴan uwa: na shiga. Da kuɗin da na samu wajen ɗura albasa cikin buhu na sayi tike, na yi rawa har ƙura ta rufe mini ido, kuma na ji daɗi. Ba ni da faɗa da mawaƙi. Jihar da ta haifi Ɗan Gurmu ba za a koya mata darajar kiɗa ba, kuma gurup gazuwal yake sha, ba tafi ba. Amma ƙanena mai shekara 11, da nake jansa filin kullum, yana waje ya manna ido a ramin ƙusa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bedin. Daren farko yara suka hau rassa suna kallo kyauta. Washegari aka zo da adda aka sare duk reshen da ya leƙa cikin shinge. Itace shida aka yi wa haka.

Kakata ƴar Keita ce. Tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin Projet Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya don farfaɗo da ƙasar Adar bayan fari. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera bedi layi-layi don tare iskar da ke kwashe gona. Mutanen wannan yanki sun san abin da itace guda ke ci kafin ya yi inuwa: ruwan da ake ɗaukowa daga nesa, ƙayar da ake kewaye shi da ita saboda awaki, shekaru. Da na ba kaka labari, ba ta tambayi wane mawaƙi ya zo ba. Cewa ta yi, "Wanda ya sare, ya taɓa dasawa?"

Babana kuma ya ce zamanin samariya, lokacin Kunce, su suka cike ramukan filin nan da gayya, ba wanda aka biya ko dala. To a nan kaina ke ɗaurewa. In ɗan kasuwa ya gina zaurensa ya sa ƙofa, haƙƙinsa ne ya karɓi kuɗi. Amma filin da gari ya yi da guminsa, wa ke da ikon ba da shi haya? An ce an biya. Nawa? Ya shiga ina? Ban ce wani ya ci ba, tambaya nake yi. Mu uku daga fadarmu muka je inda aka sa hannu kan takardar izini, aka ce mu rubuto da tambur. Mun rubuta. Mun roƙi a liƙa kuɗin hayar a allo kowa ya gani, kuma nan gaba a bar gefe guda a buɗe don yara da masu sana'a. Har yau shiru.

Da aka kwashe kwanon, mun tarar da ledoji, fasassun kwalabe da ramukan sanduna a tsakiyar fili. Mu muka share. Fitila ɗaya ba ta sake kamawa ba, wai motar kaya ce ta bugi sandarta. Sauran watannin kafin jarrabawa, mu kusan ashirin muka riƙa cunkusuwa ƙarƙashin ɗayar, mai kaye a gwiwa, mai tsaye.

Bana an ce za su dawo. Ƙanena ya fara tara dala-dala cikin gwangwanin madara, jiya ya ce mini saura masa dala tamanin.