Jijiya, Wuƙa da Haƙuri: Tsokaci Daga Zangunan Kurmi

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da harshen Hausa ya san akwai kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya fiye da ƙima. Ɗaya daga cikinsu ita ce jijiya. Hanyar da jini ke bi jijiya ce. Farin zaren nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wanda ke gagarar haƙori a cikin miya, shi ma jijiya ne. Haka kuma siririyar igiyar da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi, ta kuma mayar da labarin zafi da sanyi da taɓi, ita ma jijiya muke ce mata. A fagen waƙa wannan yalwar ma'ana ado ce, amma a ranar da wuƙa ta sami wuyan hannun mutum tana iya zama sanadin asara. Domin sauƙin bayani, za mu kira ta ukun nan jijiyar saƙo.

Yawon tattara kirari da waƙoƙin mahauta ne ya kai mu unguwannin Hausawa na ƙasar Kurmi. Mun zauna da mahautan da suka yi aiki a tsohuwar mayankar Trans-Amadi ta Fatakwal, da 'yan kasuwar bakin gada a Anaca, da mutanen Gariki a Inugu, muka kuma yada zango a kasuwar shanu ta Ugwuoba da ke kan hanyar Inugu zuwa Anaca. Zaman mutanenmu a waɗannan wurare ba na yau ba ne, domin kuwa a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai can, shi ne magajin garin Inugu na farko. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne da hannu suke ci. Mahauci da mai tsire da mai gyaran takalmi da ɗan dako da mai yankan farce, kowannensu jarinsa yatsu goma ne.

A Gariki muka haɗu da wani mahauci da bai wuce shekara talatin da biyar ba, yana zaune gefen tebur yana karɓar kuɗi, yaransa na yanka. Ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi sun lanƙwashe kamar faratan shaho, tsokar bayan hannun ta zube har ƙasusuwa sun bayyana. Shekara uku kafin nan wuƙa ta zame masa yana fiɗa, ta same shi a wuyan hannu. Aka garzaya da shi wani kemis, aka tsayar da jini, aka ɗinke fata, aka ce jijiya ta kama. Miki ya warke cikin mako biyu. Da ya yi kukan ba ya jin yatsun, sai kowa ya ce ya yi haƙuri. Ya tafi gida Arewa ya yi jinya, aka yi ta shafe-shafe da gashi, har damina biyu suka wuce. Ranar da ya isa gaban likitan fiɗa, sai aka gaya masa ya makara. Mun ga irinsa a Fatakwal, mun ga irinsa a Anaca, kuma labarin kusan ɗaya ne.

Mene ne ya sa aka ce ya makara? Tun a shekarar 1850 wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin saƙo na kwaɗi ya lura da abin da ya biyo baya. Ya gano cewa ɓangaren da ya rabu da laka yakan ruɓe daga ciki, zarurrukansa su narke, ya bar kube kawai. Sai dai jijiyoyin gaɓoɓi Allah Ya yi musu wata baiwa da laka ba ta da irinta: ɓangaren da ya rage yana iya tofo. Wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan Theodor Schwann, masanin Jamus da ya fara bayaninsu, sukan share tarkace su jeru cikin kuben, su zame wa sabon tsiro jagora. Tafiyar kuwa ta hawainiya ce, kimanin milimita ɗaya a yini, wato wajen inci ɗaya a wata. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa tafiyar wata shida ce ko fiye. Daga kafaɗa kuwa, kamar yadda yakan faru ga wanda ya faɗi da babur, tana iya kai shekara biyu.

Ita kuma tsoka ba ta jira har abada. Idan ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙo, mahaɗarta da jijiya takan lalace, ita kanta ta bushe, ta yadda ko da tsiron ya iso daga baya ba zai sami mai amsa sallama ba. A 1943 likita Herbert Seddon ya kasa irin wannan rauni gida uku: wanda jijiya ta ɗan suma saboda matsi, ta farfaɗo da kanta, wanda zarurrukan ciki suka tsinke amma kube ya tsira, da wanda aka datse ta gaba ɗaya. Na farko da na biyu haƙuri yana iya yi musu magani. Na uku, wanda shi ne aikin wuƙa da adda da fasasshen gilashi, ba ya warkewa sai an haɗa bakunan biyu.

Idan an zo da wuri, likita kan ɗinke bakunan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Idan an jinkirta, bakunan kan ja da baya su bar giɓi, kuma ba a jan jijiya da ƙarfi kamar igiyar guga. Hanyar da aka fi dogara da ita har yau ita ce a yanko wata jijiya daga bayan ƙwaurin mutum a yi gada da ita, shi kuma ya rasa ji a gefen ƙafarsa. Wannan ciniki na toshe rami da ƙasar wani rami shi ya sa masana suka shiga neman wata mafita, har suka iso ga abin da suke kira haidirojel.

Sunan baƙo ne, amma abin ba baƙo ba ne ga mahauci. Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar sa ya kwana, ya wayi gari ya ga romon ya daskare yana rawa a cikin kwano, to ya ga haidirojel da idonsa. Raga ce ta zarurruka da ido ba ya gani, wadda ta riƙe ruwa mai yawa ba ta bari ya zube ba. Na masana'anta na farko da aka yi don jikin ɗan Adam, Otto Wichterle da Drahoslav Lím ne suka bayyana shi a 1960 a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, kuma daga gare shi aka sami tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Waɗanda ake gwadawa a kan jijiya kuwa ana samo su ne daga kolajin na fata da agarar dabbobi, da fibirin da ke daskarar da jini, da ciyawar teku, da kitosan da ake tacewa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, irin wanda ake zubarwa kullum a kasuwannin kifi na Fatakwal. A 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗan bututu mai suna NeuraGen, wanda aka yi da kolajin na agarar sa, don haɗa jijiyar da ta tsinke. Abin da mahaucinmu ke jefawa a kwandon ganda, da ɗan'uwansa ake gyara hannu a wata ƙasa.

Hikimar abin tana kama da ta zango a zamanin fatake. Ayari ba ya ratsa daji sai da turba da ruwa da masauki. Bututun shi ne turba, yana hana tsiron ɓata hanya, yana kuma hana tabo ya toshe ta. Haidirojel da ake cusawa ciki shi ne masaukin: yana da laushi irin na jijiyar kanta, ƙwayoyin Schwann na iya ratsa shi, ana iya jera zarurrukansa su fuskanci gaba, ana kuma iya ɗura masa sinadaran da ke ƙarfafa tofo ya riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, daga baya ya narke ya bar wuri. Sai dai wajibi ne mu faɗi iyakar abin. Bututun da ake sa wa mutane suna aiki ne a ƙaramin giɓi, wanda bai wuce santimita 3 ba, galibi a jijiyoyin ji na yatsu. Mafi yawan nasarorin da ake ambata na haidirojel mai ɗauke da magani an same su ne a kan ɓeraye, a giɓin milimita 10 zuwa 15. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai rayar da tsokar da ta riga ta bushe.

A nan ne batun ya dawo hannunmu, mu ma'abota harshe da adabi. Mun cika littattafanmu da yabon haƙuri; mun ce mahaƙurci mawadaci, mun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, kuma wanda aka yi wa aikin jijiya yana bukatar haƙurin watanni, yana motsa gaɓoɓi kullum don kada su sandare, yana kiyaye hannun daga wuta domin ba zai ji ƙuna ba. Amma wannan haƙurin bayan ɗinki ne. Haƙurin da ake ba mutum kafin ɗinki sakaci ne da aka sa wa rawani. Bahaushen da ya yabi haƙuri shi ne dai ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Abin da ake bukata mutanenmu su sani bai fi jimla biyu ba. Idan an yanke, jini ya tsaya, amma wani yatsa ba ya jin tsinin allura ko ya ƙi motsi, to akwai jijiyar da ba a ɗinka ba, kuma a cikin kwanaki ake neman likitan fiɗa. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Inugu yana da sashen irin wannan aiki, ga kuma asibitocin koyarwa na Inugu da Fatakwal, ga na Dala a Kano ga wanda ya riga ya koma gida. Sarakunan Hausawa da sarakunan fawa da limamai da masu ɗori suna da bakin da za a saurara. Ɗalibanmu kuma, waɗanda gobe za su zama masu fassara da ma'aikatan rediyo da marubuta wasan kwaikwayo, aikinsu ne su raba wa jijiyoyin nan uku suna, su sa sunayen a bakin jama'a. Allah Ya tsare hannuwan masu nema, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.