BAHAR RUM: Garuruwan da ake gani a fim, da jiragen da ke kai masu baƙi

DUK ma'abocin kallon finafinan Indiya da ya ga 'Dil Dhadakne Do' na darakta Zoya Akhtar, wanda ya fito a 2015, zai tuna da tafkeken jirgin ruwan nan da yawancin labarin ya gudana a cikin sa. Anil Kapoor ne ya fito a matsayin attajirin da arzikin sa ya fara zurarewa, amma don kada duniya ta gane sai ya kwashi dangi da abokai zuwa yawon shaƙatawa a Bahar Rum da sunan bikin cikar auren sa shekara 30. Ga Priyanka Chopra, ga Ranveer Singh, ga Anushka Sharma, ga kuma wani kare mai ba da labari da muryar Aamir Khan. To, jirgin nan ba a situdiyo aka haɗa shi ba. Na gaske ne, sunan sa Sovereign, kuma a 2014 aka loda masa 'yan wasa da kyamarori a birnin Basalona na ƙasar Sifen.

Irin waɗannan jirage otal ne mai tafiya. Akwai ɗakunan kwana, wuraren cin abinci, gidan silima, wurin ninƙaya, har da gidan caca ga wanda kuɗin sa su ka yi masa yawa. Manyan su na yanzu su na ɗaukar fasinja sama da 6,000. Tsarin kuwa ɗaya ne: da dare a yi tafiya, gari na wayewa an iso wani sabon birni, a sauke mutane su yi yawo na awa takwas ko tara, da yamma kowa ya dawo. Wanda ya tsaya sayen tsaraba har ya makara, sai dai ya hango hayaƙi, domin kyaftin ba direban tasha ba ne da za a ce masa "don Allah saura mutum ɗaya". Haka mutum zai taka ƙasa huɗu ko biyar a mako guda, ya dawo gida da hotuna tuli, amma in aka tambaye shi sunan mutum ɗaya ɗan garin sai ya fara sosa ƙeya.

Basalona dai ba baƙuwa ba ce ga matasa, ƙwallo ta riga ta tallata ta. A nan ne jirage da yawa ke tashi, kuma daga nan ne Hrithik Roshan da abokan sa su ka fara tafiyar su ta mota a 'Zindagi Na Milegi Dobara' na 2011. Akwai wani coci a garin mai suna Sagrada Familia da aka fara ginawa tun 1882, kakanni su ka fara, jikoki su ka gāji aikin. Sai dai mutanen garin sun fara gajiya da baƙi. A watan Yuli na 2024 masu zanga-zanga sun riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara, su na kukan cewa kuɗin hayar gida ya fi ƙarfin ɗan gari.

Inda ɗan fim zai fi so a sauke shi kuwa shi ne Cannes, a kudancin Faransa. Faransawa "Kan" su ke cewa, wato saura harafi ɗaya ya zama Kano. Babban jirgi ba ya iya matsowa bakin gaɓa a nan, sai ya tsaya can cikin ruwa, ƙananan jirage su riƙa jidar mutane. Ana sauka, tafiya kaɗan a ƙafa, sai ga ginin da duk wani darakta a duniya ke mafarkin shiga, inda ake bikin finafinai na Cannes a kowane watan Mayu. Matakalar da ake shimfiɗa wa jan kafet ɗin nan guda 24 ce kacal. Wanda ya saba ganin ta a talbijin zai ɗan ji kunya idan ya gan ta ido da ido, don ginin kan sa ba wani kyau gare shi ba, kankare ne da gilashi. Amma duk da haka ba a raba matakalar da masu layin ɗaukar hoto, kowa ya na gyara tsayuwa kamar shi aka gayyata. A ƙasa kuma ga shatin tafin hannun taurari a jere, mutane na ɗora nasu su na gwadawa.

An fara bikin ne a 1946, kuma tun a wannan shekarar Indiya ta shigo da ƙafar dama, domin fim ɗin Chetan Anand mai suna 'Neecha Nagar' ya na cikin waɗanda su ka samu babbar kyauta. A 2002 aka nuna 'Devdas', inda Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai su ka iso wurin a keken doki, abin da har yau masoyan su ba su daina labari ba. Shekara na zagayowa aka sa Aishwarya cikin alƙalan gasar.

Afrika fa? Ba a bar ta a baya ba, ko da ya ke ba kullum ake tunawa ba. A 1969 an nuna 'Cabascabo' na Oumarou Ganda, ɗan Nijar, a sashen da masu sharhin finafinai ke zaɓen sababbin daraktoci. A 1975 wani fim na Aljeriya ya cinye babbar kyautar ɗungurungum. Souleymane Cissé na Mali ya samu kyautar alƙalai a 1987 da 'Yeelen', sannan Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya samu irin ta a 2010. Nijeriya kuwa, mai yawan finafinai kamar ƙasa, sai a 2025 ne fim ɗin ta ya shiga jerin zaɓaɓɓun bikin a hukumance, wato 'My Father's Shadow' na Akinola Davies Jr. Wannan abin dubawa ne ga furodusoshin da ke ganin yawan fitar da fim shi ne gwaninta.

Fasinjan da jirgin sa ya faɗo a lokacin biki kada ya ɗauka zai kutsa kai kawai. Sai da katin gayyata, kuma namiji sai da baƙar kwat da ɗan laƙataye mai kama da malam-buɗe-littafi. Za ka ga samari sun ci ado a bakin titi, sun ɗaga kwali su na roƙon wanda ke da rarar kati. Tun 2018 ma aka hana ɗaukar hoton kai da waya a kan jan kafet. Talaka dai na da nasa rabon: da dare akan kafa majigi a bakin teku, a zauna kan kujeru a yashi a kalli fim kyauta. Wanda kuma ya gaji da ƙyale-ƙyale, tafiyar kamar minti 15 ce a ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Sainte-Marguerite. A kurkukun da ke can aka taɓa tsare fursunan nan da aka rufe wa fuska, wanda Leonardo DiCaprio ya yi fim a kan labarin sa a 1998. A wani gefen tsibirin, cikin itatuwa, akwai maƙabartar Musulmi, ta mutanen Aljeriya da Faransa ta kamo a zamanin yaƙin ta da Amir Abdulƙadir, su ka rasu a tsare. Ba kowane ɗan rakiya ba ne ke kai baƙi wurin.

Sai Malta. Ƙasa ce 'yar mitsitsiya tsakanin Italiya da Libiya, faɗin ta murabba'in kilomita 316, amma masu yawan tafiya a teku sun ce da wuya a samu mashiga mai kyawun tata. Jirgi na ratsowa da sassafe, ganuwa ta dutse mai ruwan zuma dama da hagu, birnin Valletta da aka fara ginawa a 1566 ya na bisa tudu. Daga tasha akwai lif mai tsawon mita 58 da ke ɗaga mutane zuwa wani lambu, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. Daga lambun nan, in aka dubi ƙetaren ruwa, ana hango wata tsohuwar ganuwa mai suna Ricasoli. A cikin ta aka gina filin dagar da Russell Crowe ya yi faɗa a 'Gladiator' na 2000. Kamar kashi ɗaya cikin uku kawai aka gina, sauran duk aikin kwamfuta ne. Ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin ne, a watan Mayu na 1999, tsohon jarumi Oliver Reed ya yanke jiki ya faɗi a wata mashaya a Valletta, rai ya yi halin sa. Dole aka ƙarasa fitowar sa da wani mai irin jikin sa, aka ɗora fuskar sa da kwamfuta.

Kusa da ganuwar akwai wasu manyan tafkuna da aka gina musamman don ɗaukar fim, na farkon su tun 1964. Dabarar ita ce an yi su daf da teku, ta yadda a ido na kyamara ruwan tafki da na teku sun haɗe, sai ɗan kallo ya rantse a tsakiyar teku ake, alhali jarumi na kusa da inda ake dafa masa shayi. Indiyawa ma sun gano wurin: 'Thugs of Hindostan' na Amitabh Bachchan da Aamir Khan, da 'Bharat' na Salman Khan, duk an ɗauki wani ɓangare nasu a Malta. Ba kuma don kyau kaɗai ba. Gwamnatin ƙasar na mayar wa furodusa har kashi 40 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ya kashe a can. Ka ji inda ake lallashin industiri.

Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki a Malta shi ne harshen su. Larabawa sun ci tsibirin a shekara ta 870, kuma daga Larabci yaren ya samo asali, sai dai da boko ake rubuta shi. Mutanen Kiristoci ne, amma Ubangiji "Alla" su ke ce masa, azumin su kuma "Randan". Alhamis "il-Ħamis", Juma'a "il-Ġimgħa", Talata "it-Tlieta". In mai shago ya ce "ħamsin" ko "sittin", ba sai an nemo tafinta ba.

Tsibirin Santorini na ƙasar Girka kuwa shi ne mai fararen gidajen nan da shuɗiyar ƙubba, inda Hrithik Roshan da Katrina Kaif su ka yi waƙa a 'Bang Bang' na 2014. Ƙubbobin na coci-coci ne. Tsibirin bakin wani dutse ne da ya yi aman wuta shekaru kusan 3,600 da su ka wuce, tsakiyar sa ta rufta, teku ya cike ramin, kuma a cikin wannan ramin jirage ke tsayawa. Garin na can sama, a bakin gangare. Hanyar hawa uku ce: keken waya mai rataye, ko matakala kusan 600 a ƙafa, ko bayan jaki da alfadari. Tun 2018 aka kafa doka cewa wanda ya wuce kilo 100 ya haƙura da hawan dabbar.

A waƙar fim, jarumi da jaruma su kaɗai ne a lungu, iska na kaɗa gyale. A zahiri kuwa, da rani, lungun nan kafaɗa da kafaɗa ake bi kamar kasuwar Kwari ana jajiberin Sallah. Mazauna tsibirin ba su fi 15,500 ba, amma a wata rana cikin Yuli na 2024 an yi tsammanin saukar fasinja 17,000, har wani jami'in yankin ya shawarci 'yan gari su rage fita, maganar da ta jawo masa surutu. Daga 2025 aka ƙayyade mutum 8,000 a rana, sannan aka sa harajin Yuro 20 ga kowane fasinja a tsakiyar rani.

Birnin Benis na Italiya, mai kwale-kwale a madadin tasi, inda Amitabh da Zeenat Aman su ka yi tasu waƙar a 'The Great Gambler' na 1979, shi ma ya ɗauki mataki. A 2019 wani ƙaton jirgi ya ƙwace ya daki gaɓa, a watan Agusta na 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyar garin. A bikin finafinan wannan birni, wanda ya girmi na Cannes don tun 1932 ake yin sa, aka ba Matteo Garrone kyautar gwarzon darakta a 2023 saboda 'Io Capitano'. Labarin wasu samari biyu ne 'yan Senegal da su ka baro Dakar, su ka biyo ta Agadas, su ka ratsa Sahara, su ka sha azaba a Libiya, daga ƙarshe aka damƙa wa ɗayan su, yaro ɗan shekara 16 da bai iya ko ninƙaya ba, tuƙin wani ruɓaɓɓen jirgi cike da mutane.

Tekun dai ɗaya ne. Tsibirin Lampedusa na Italiya ya fi kusa da Tunisiya a kan sauran Italiya, kuma a gaɓar sa ne mutum 368 su ka halaka a ranar 3 ga Oktoba, 2013. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 30,000 da su ka mutu ko su ka ɓace a Bahar Rum daga 2014. Wani lokaci hanyoyin biyu kan haɗu, domin dokar teku ta wajabta wa kowane kyaftin ya ceci wanda ke nutsewa. A 2019 wani jirgin shaƙatawa mai suna Marella Discovery ya tsamo mutum 111 a kusa da Girka. Shi kuwa mai son zuwa ta ƙofa, da fasfo da tikiti, sai ya nemi bizar Shengen, wadda kuɗin ta ya koma Yuro 90 a 2024, kuma in an hana shi ba a mayar masa da ko sisi. A wannan shekarar, sama da kashi 40 cikin ɗari na takardun da aka shigar daga Nijeriya an yi watsi da su.

Shi kuma Sovereign, wanda a 1988 da ya fara aiki ake yi masa kirari da babban jirgin shaƙatawa na duniya, annobar korona ce ta ƙarasa shi. Kamfanin da ke tafiyar da shi ya durƙushe a 2020, aka tuƙa jirgin zuwa Aliaga, kusa da Izmir a Turkiyya, aka cusa hancin sa a gaɓa. Masu walda su ka bi shi hawa-hawa su na yanka, har da falon da Anil Kapoor da su Priyanka su ka yi rawar nan da aka ɗauka a tashi ɗaya ba tare da an tsayar da kyamara ba, aka sayar da ƙarfen a kan awo.