Wa Zai Biya Kuɗin Itace?

Wata 'yar magana ce ta daɗe tana ci min rai, na ce yau dai bari in fito da ita mu duba tare, in akwai gyara ku gyara min.

Akwai wani shafin intanet da na fi shekara uku ina shiga, na wata baiwar Allah ce da ban taɓa gani da idona ba. A can na koyi alkaki da dambun nama, a can na sami shawara lokacin da yayen autana ya gagare ni. Mata suna tambaya, mata suna amsawa, ita kuma tana tsarawa tana share shirme. Duk tsawon lokacin nan ko kwabo ba ta taɓa tambayata ba.

Abu ɗaya ne ya dame ni da shafin, shi ne talla. Kina cikin karatu sai tallan cacar ƙwallo ya faɗo, ki ture shi sai na masu ba da bashi nan take ya taso, ki ture wannan sai ga na maganin mata da hoton da ko ke babba sai kin kau da kai. Ranar da abin ya kai ni bango ina madafa hannuna duk ƙullu, na ba 'yata wayar ta karanto min abin da ke biye. Sai na ji ta yi shiru, can ta ce, "Umma, wannan matar me ya sa ba ta sa kaya ba?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ƙanena ya zo da yamma na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai wannan ƙaramin abu ne, kawo wayar." Ya sa min manhajar toshe talla. Tun daga ranar shafin ya zama fes, yana buɗewa da sauri, datata ma ta ƙara auki, abin da kowace mace ta san darajarsa tun da hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kusan kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Na yi ta sa masa albarka, har na koya wa ƙawayena biyu.

Bayan 'yan watanni sai mai shafin ta yi wani gajeren rubutu. Ta ce mu yi haƙuri, mai yiwuwa ta rufe, domin kuɗin riƙe shafin da dala take biya, ga naira ta faɗi tun 2023, ga abin da talla ke kawowa ya ragu ƙwarai. Na tura wa ƙanena ina jajantawa. Amsar da ya ba ni ita ta hana ni barci. Ya ce, "To Yaya, ai ke ma kina cikin waɗanda suka rage shi."

Ga yadda abin yake, a yadda na fahimta. Ki ɗauka wata mata ce take dafa tuwo kullum tana rabawa kyauta a tsakar gidanta. Sai dillaliya ta ce mata, ki bar ni in riƙa baje kayana a gefe, duk macen da ta gani zan ba ki wani ɗan abu. Da wannan ɗan abin take sayen itace. Ba dole ki sayi kayan dillaliya ba, ganin da kika yi ma ana ƙirga shi. Ita manhajar toshe talla abin da take yi shi ne ta tare dillaliya tun daga soro, tallan ba zai ma sauka a wayarki ba, balle a ƙirga. Kin ci tuwon, kin sha ruwa, kin goge baki, mai gida ba ta sami ko tsinken itace ba.

Abin da ya fi kunyata ni shi ne, ni ce fa mai kuka da irin wannan. Da kuɗin adashe na buga littafina na farko. Ban gama biyan mai ɗab'i ba na gan shi ana yawo da shi a WhatsApp, an ɗauki hotonsa shafi bayan shafi. Wata ma har ta aiko min saƙo tana yabawa, wai ta karanta sau uku, ba ta san yabon nan suya yake min ba. Na yi ta cewa Allah ya isa. Ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Sai dai kuma kada a ce na ɗora wa mai toshe talla laifin duka. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro abin ba a gama rigima a kansa ba. Manhajar Adblock Plus ta fito a 2006, kamfanin da ke riƙe da ita kuma a Jamus yake. Kamfanin jaridu na Axel Springer ya kai shi ƙara, a 2018 babbar kotun tarayyar ƙasar ta ce manhajar ba ta karya dokar gasar kasuwanci ba, tunda mai waya ne da kansa ya zaɓi ya sa ta. A ƙarshen 2022 hukumar FBI ta Amurka ma ta shawarci jama'a su yi amfani da irin wannan manhaja, saboda 'yan damfara da ke sayen gurbin talla suna kwaikwayon sanannun kamfanoni. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2023 YouTube ya shiga hana masu toshe talla kallo. Kin san kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo mai tashar ake ba, ke nan masu finafinan Hausa masu dogon zango da muke zuba wa ido a can, wani ɓangare na kuɗin aikinsu daga tallan nan yake fitowa.

Kin ga ke nan kowa da gaskiyarsa. Ba wanda zai ce dole uwa ta bar 'yarta ta ga tsiraici, ko ɗanta ya saba da ganin caca tun bai san ciwon kansa ba, don kawai wata ta sami kuɗin itace. Tarbiyya amana ce, wayata kuma ɗakina ce, ina da ikon cewa wane ba zai shigo ba. Amma iko daban, haƙƙi daban. Kotun Jamus ta yi magana a kan doka, ba ta ce komai ba a kan matar da ke raba dare tana amsa tambayoyinmu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In na kori dillaliya kuma na ci gaba da cin tuwon, to bashi ya hau kaina, saura in san yadda zan biya.

Ai mun saba da hakan tun da can. Shirin rediyon da muke so, mun san wani ne ya ɗauki nauyinsa, muna haƙuri a gama tallan sabulu a ci gaba. Littafin da muke haya a shago, ko naira nawa ne muna ajiyewa kafin mu ɗauka. Wikipedia, wadda har da Hausa akwai ta, tun 2001 ba ta sa tallan kasuwanci, amma ai gudummawar masu karatu ce ke riƙe da ita. Ban san wani abu mai amfani da ke zuwa a banza ba, sai dai in wani ne ya biya a madadinki ba ki sani ba.

Ga abin da na yi daga ƙarshe. Na sa ƙanena ya nuna min wurin da ake cire shafi ɗaya daga toshewa, na cire nata, sauran na bar su a toshe. Na daina ba yara wayar in ina shafin. Sannan na rubuta mata cikin ladabi, na ce, "Hajiya, don Allah ki duba, an ce masu ba da tallan suna da wurin da mai shafi zai hana na caca da na batsa fitowa." Na haɗa da ɗan abin da ya sawwaƙa, wanda bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba. Ta amsa da godiya, ta ce ita kanta ba irin tallan da muke gani take gani ba, domin kowa da wanda ake tura masa. Bayan kwana biyu na ga sauƙi, ko da yake lokaci zuwa lokaci wani yakan sulale ya shigo.

Shawarata gare ki 'yar uwa, in kina da wannan manhajar, zauna ki lissafa shafukan da kike amfana da su da gaske, ba za su wuce uku ko huɗu ba. Wanda tallansa mai tsafta ne, buɗe masa ƙofa. Wanda tallansa ƙazanta ce amma amfaninsa na da yawa, bar shi a toshe ki nemi wata hanyar sakayya, ko da sayen abin da mai shafin ke sayarwa ne. Wanda kuwa ba ki iya jure tallansa kuma ba ki ga ya cancanci kwabonki ba, to ki haƙura da tuwon nasa gaba ɗaya. Ku ma masu shafi ku ji tsoron Allah, ku riƙa duba irin dillaliyar da kuke shigo mana da ita gida.

Har zuwa yau da nake wannan rubutu shafin baiwar Allahn nan yana nan bai rufe ba. Ban ce ni na riƙe shi ba, ni dai na sauke nauyin da ke kaina gwargwadon iko. Allah ya raba mu da cin haƙƙin wani, ya shirya mana zuri'a, amin.

Taku har kullum.