KWABBAN ROBA DA KUƊIN CEFANE

Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta ce, ita kuma wannan me ya haɗa ta da kayan 'yan karta? Ki yi haƙuri ki ji. Mu marubuta babu kwandon da ba ma leƙawa. Wani labari nake rubutawa mai magidanci ɗan caca a ciki, shi ya sa na bi diddigin kartar nan ta Amurkawa da ake kira foka, da 'yan kwabban nan masu launi-launi da muke gani a fina-finansu an jibge a kan tebur.

Asalinsu dai, tun a ƙarni na 19, masu buga foka a jiragen ruwan kogin Misisifi da garuruwan haƙar zinare kowa da abin da yake zubawa, wani tsabar kuɗi, wani garin zinare. Lissafi ya riƙa rikicewa, sai aka koma sassaƙa kwabbai da ƙashi ko hauren giwa. Wajajen 1880 kamfanoni suka fara yin na yumɓu. Har yau faɗin kwabon milimita 39 ne, kuma bisa al'ada fari dala 1 ne, ja dala 5, kore 25, baƙi 100.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu bugawa a gida, su da abokansu. Sun yawaita bayan 2003, shekarar da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar foka ta Las Vegas, kowane ƙato ya ga shi ma zai iya. To teburin mutum tara ko goma yana cin kwabo kamar 500. Idan na yumɓu za ka sa kamfani ya buga maka da sunanka, kowane ɗaya kan haura dala guda. Ki lissafa da kanki. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake sayen na roba marasa rubutu, masu ɗan kwarmi a tsakiya. Sai ya zana tambarinsa a kwamfuta, da sunan gidansa da lambar darajar kwabon, ya buga a takardar sitika, ya yanke ta zagaye, faɗin kamar inci ɗaya. Ya goge maiƙon da ke jikin robar, ya liƙa gaba da baya. Kwabo 500, liƙi 1,000 ke nan, wallahi aikin ya fi tsintar shinkafa. Masu dabara kan fesa wa takardar man sheƙi kafin su yanke, don kada gumin hannu ya cinye tawadar. Wani abin dariya, na arahar nan ana cusa musu ƙarfe a ciki su kai giram 11.5 don a ji su da nauyi, alhali na manyan gidajen cacar ba su cika wuce giram 10 ba.

Kin san dalilin duk wannan wahala? Har da ado, amma babban dalilin tsoro ne. Kwabban kanti kowa na iya sayen irinsu. Aboki zai iya zuwa da baƙaƙe biyar a aljihu, ya faki ido ya haɗa da nasa, a tashi ya karɓi kuɗin da bai zuba ba. Tambarin ne ke hana haka. Wato mutum ya tara aminansa a falonsa, matarsa ta soya musu nama, amma sai da ya yi wa kayan wasan shaida kamar yadda muke ɗiga wa kwanukanmu fenti idan za a kai gidan biki.

Kwabon kansa kuwa ba komai ba ne, alkawarin mai gida ne kawai. A watan Disamba na 2010 wani ya je gidan cacar Bellagio a Las Vegas a kan babur, da bindiga, ya kwashe kwabbai na kimanin dala miliyan 1.5. Sai gidan ya sanar cewa zai janye kwabbansa na dala 25,000. Ɓarawo ya zauna da tulin yumɓu yana neman mai saye a ɓoye, har ya faɗa hannun 'yan sandan da suka yi shigar masu saye.

Ni inda abin ya tsaya mini a rai shi ne nan. Namijin da zai yi ta ƙunƙuni kafin ya zaro kuɗin cefane daga aljihu, a gaban tebur zai tura baƙin kwabo ko gezau, don idonsa roba ya gani, bai ga buhun masara ba. Cacar ƙwallon da ta addabi samarinmu da mazajenmu a waya ita ma haka take, an mayar da gumin mutum lamba a kan gilashi. Wadda aka taɓa ce wa "yau babu" alhali jiya aka yi albashi ta san abin da nake nufi. Hukuncin caca kuma a bayyane yake cikin Suratul Ma'ida, ba sai na tsaya yi miki wa'azi ba.

Amma dabarar liƙin na ɗauke ta, ban bar musu ba. Murafun lemo na sa yara suka tara mini, aka wanke, aka shanya. Na yanka farar takarda zagaye daidai cikin murfin, muka rubuta 5, 10, 20, 50 da biro kala-kala, muka liƙa da gam, na bi kai da jan farce marar launi. Ko sisi babu a bayansu. Da su suke wasan kanti lokacin hutu, ɗaya ta kasa gwangwanaye, sauran su zo saye, dole mai kanti ta ba da canji daidai. Auta da malamin lissafi ya yi ta fama da ita a kan ɗebewa, yanzu ita ke kama yayyenta idan sun yi mata ƙwange.

Da 'ya'yan maƙwabta suka fara shigowa da nasu murafun a aljihu, babbar ta zo ta same ni a kicin, wai Umma a ƙara mana harafin sunan gidanmu a jikin kowanne. Mun kwana biyu muna wannan aikin, murfi 120.