Shuwakar Gidanmu Mai Suna Biyu

Duk wanda zai yi furojet a kan wani tsiro, babi na ɗaya ma sai ya rubuta sunansa na kimiyya. Ni shuwaka na zaɓa, don a Garo na tashi ina ganin ta a bakin kwata, ana wanke ganyenta har ɗacin ya ragu a yi wa mai jego miya. Ban taɓa ɗaukar ta a matsayin fure ba sai da na tsaya na duba ta da hunturu, lokacin da take fitar da ƙananan fararen furanni da zuma ke rububi. Kowane ɗaya da kake gani tarin furanni ne a dunƙule. Alamar dangin Asteraceae ke nan, su latas da furannin ado na dezi.

Rigimar tana wajen suna. Wani Bafaranshe, Delile, ya sa mata Vernonia amygdalina a 1826, kuma shi ne sunan da ke cikin yawancin littattafanmu. Sai dai asalin tsiron da aka kafa jinsin Vernonia a kansa na Arewacin Amurka ne. A 1999 Harold Robinson na cibiyar Smithsonian ya ce da yawa daga na Afirka ba su cancanci zama a wannan gida ba, ya mayar da shuwaka Gymnanthemum amygdalinum, sunan da aka taɓa ba ta tun ƙarni na 19. Yau kundin lambun Kew na Ingila wannan yake bi. Masu binciken magunguna kuwa, musamman a nan Najeriya, ko a jikinsu.

To wa za ka bi? Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kan sabon sunan, ya ce bai san shi ba. Ban yi musu ba, dalibin shekarar ƙarshe ai ba ya jayayya da mai biro. Na rubuta tsohon, na biyo shi da sabon a matsayin ɗaya sunan, muka rabu lafiya.

Amma fa a ganina Robinson yana da hujja. Kuma in kana neman bayanai a intanet da suna ɗaya kawai, wasu takardun za su wuce ka. Ka nemi duka biyun, sannan ka kai ganye har da furensa ɗakin adana tsirrai na ABU Zariya ko BUK, a tantance maka a ba ka lamba kafin ka fara daka shi.