Gawo a Boɗinga, Icce a Shagari

Ni mutumin Zariya ne, idona ya saba da ɗorawa da kaɗanya da ciyawa mai kai wa gwiwa. Shi ya sa da motar ɗaliban sashen gandun daji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta bar Sakkwato da sassafe, ta kama hanyar Boɗinga, sai na ga ƙasar tamkar an share ta da tsintsiya. Watan Maris ne, an daɗe da kwashe karan gero, babu abin da ya rage sai jan yashi da kututturen sabara. Wani abokina da ke koyarwa a jami'ar ne ya ce in biyo su in ga yadda suke karatu a fili.

Mun ratse kusa da Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. An raba ɗaliban biyar-biyar, kowane rukuni da awo da littafi, aka ce su auna fili su ƙirga duk itacen da ke ciki, su rubuta sunansa da kaurinsa. Rukunin da na bi ba su sha wuyar ƙirga ba: gawo uku, aduwa ɗaya, sai dogonyaro a bakin hanya.

Mai gonar, wani dattijo da ya zo a kan jaki, ya tsaya yana kallon wata ɗaliba tana zagaya gindin gawo da awo.

"Ɗiyata, mi kike nema ga iccen ga?"

"Baba, kaurinsa muke dubawa."

Ya kai ta ƙarƙashin itacen, ya tona ƙasa da ƙafa, ya ce ta damƙa. Baƙa ce, da laushi, cike da kashin awaki. Taku ashirin daga nan kuwa yashi ne zalla mai zubewa ta tsakanin yatsu. Gawo dai da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru suna cin 'ya'yansa, su bar taki. Ɗaliban duk sun karanta wannan a aji, amma sai da ƙasar ta ɓata musu hannu na ga sun yi shiru. Malaminsu ya kawo misalin manoman Maraɗi, waɗanda tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suna barin reshe biyu ko uku su tashi, har gonakinsu suka sake cika da itatuwa ba tare da dashe ba. Dattijon ya ce shi ma yana bari, sai dai kafin reshen ya kai ƙugu masu neman makamashi sun sare.

Wannan magana ce ta biyo mu har Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, inda kuma aka binne shi a 2018. Madatsar ruwan garin ta sa ana noman rani, ga albasa ga tumatir, kore kamar ba ƙasa ɗaya da wadda muka baro ba. Amma a bakin ruwan babu wanda ya yi sha'awar ɗaukar hoto. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a wannan yanki da mutanen Gidan Magana, 29 suka rasu, akasarinsu matasa. A Mayun 2023 wani ya sake kifewa da yaran Dandeji, aka rasa 15. Duka biyun icen girki za su ɗebo a tsallaken ruwa. Allah ya jiƙansu.

Na daɗe ina jin ana zancen kwararowar hamada a taro, ana ambaton shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Ban taɓa jin nauyin zancen ba sai a nan. A ganina duk wanda zai hana sare itace a Shagari, dole ya fara faɗa wa uwar gida da me za ta dafa tuwon dare. Ita jami'ar tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana ƙera murhu mai cin itace kaɗan, kuma ɗaya daga cikin ɗaliban ya tambayi malaminsu ko za a yarda aikinsa na kammala karatu ya zama ƙirga gidajen da irin wannan murhu ya isa a ƙauyukan nan.

Malam ya ce ya rubuto masa a takarda. Muna shirin shiga mota bayan la'asar, sai ga wani kwalekwale ya doso gaɓa, ya nutse har baki saboda kaya, 'yan mata huɗu zaune a kan ɗaurin sabara da geza, ƙaramar cikinsu tana kwalfe ruwa da ƙwarya.